Gishiri Bai Ji Ba

Sha ɗaya ga watan Gameliyon, ranar ruwan sama

Jiya aka yi liyafar goma ga wata, ta biyu tun da Nikobulos ya mutu. Da gangan na rubuta "ya mutu". Ɗalibansa cewa suke yi wai "ya watse", ko wai "ya koma yadda yake kafin a haife shi". Mijina ne, ni na wanke gawarsa, na san bambancin abin da ya watse da mutumin da ya mutu.

Sunanta ne kawai liyafa: gurasar sha'ir, zaitun, miyar wake, ruwa. Haka ya tsara tun kafin ya aure ni. Ko gurasar ba a gama gutsurawa ba suka fara. Filinos a wannan bakin teburi, Dorkon a wancan, su biyun da suka fi kowa daɗewa a lambun nan da yake koyarwa a ciki, kowanne da 'yan amshinsa. Duk a kan maganar ƙarshe da tsohon ya yi, bayan na kai masa cokalin miya baki: "Gishiri bai ji ba."

Filinos ya ce ai a fili take. Rai kamar gishiri ne a ruwa, idan ya narke ba ya jin komai. Wai Malam yana shaida mana ne daga bakin ƙofar mutuwa cewa babu abin tsoro, tunda babu mai ji. Dorkon ya doki teburi. Wai Malam tuba ya yi. Wai ya waiwayi shekarun da ya kwashe a kan sha'ir da ruwa, ya ga rayuwar ta yi lami, shi ne ya bar mana umarnin a ƙara mata kifi da giya da 'yan mata masu busa sarewa.

"Kai cikinka ke yi maka fassara," in ji Filinos.

"Gara ni ina da cikin. Kai fa, sanda mai gemu?"

Ni ina tsaye da ludayi a hannu. Ba wanda ya tambaye ni.

Sha huɗu ga wata, ranar iska

Mayafin Nikobulos yana rataye a ƙusa. Na yi masa tsawa yau, mayafin.

Sha bakwai ga wata, rana ta ɗan fito

Mikon, ɗan wan mijina, ya zo gaisuwa. Gaisuwa! Bakinsa yana "Inna, yaya ƙarin haƙuri?", idonsa yana auna tazarar rijiya zuwa gindin ɓaure. Ya san wasiyyar kamar yadda na san ta: lambun na abokai ne, da ni a cikinsu, muddin suna ci a teburi ɗaya ranar goma ga wata. Ranar da teburi ya zama biyu, lambu ya koma ga dangi. Dangi kuwa Mikon ne, Mikon kuwa matoyar tukwane yake son ginawa.

Ya ce ƙasar wajen ɓauren tana da kyau. Na ce ai kai ka san yumɓu, tunda shi aka cusa maka a ka. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Ya ji labarin rigimar. Duk Atina ta ji.

Ashirin da ɗaya ga wata, ranar wanki

Ina shanya a igiya sai na tuna ranar farko, ban kira ta ba.

Babana littattafai yake sayarwa a gefen kasuwa, ni kuma nakan karance su kafin mai saye ya zo. Na rako shi kawo wani naɗin littafi nan, ina da ɗan abin da ya wuce shekara ashirin, an riga an fara cewa bakina zai hana ni miji. Lokacin zafi ne. Ɓauren nan ya nuna, zanzaro ya cika wurin. Wani mutum mai manyan kunnuwa da wushirya yana zaune a kan kifaffen kwando, yana gaya wa samari cewa mai hikima yana gamsuwa da duk abin da aka ajiye masa a gaba. Daga bayan babana na ce, "Wa ke dafa masa?"

Kowa ya juyo. Babana kamar ya nutse. Mai kunnuwan ya ce, "Ku riƙe wannan tambayar, ta fi darasin."

Da muka yi aure na ce sai na ga ƙarshen gamsuwar nan. Na dinga yin miyar wake ba ko ƙwayar gishiri. Yana ci, yana suɗe kwano, har yana yabawa, maƙaryacin. Aka yi kwanaki. Ran nan ya ajiye cokali, ya dube ni kamar mai shirin shan guba, ya ce, "Timarita, gishiri bai ji ba."

Na ce, "Ashe mai hikima yana da harshe."

Ya yi dariya har shaƙuwa ta kama shi. Washegari ya sauya darasi. Ya ce gamsuwa daban, ƙarya daban. Wanda ya haɗiye lami ya ce da daɗi ba mai hikima ba ne, matsoraci ne, kuma ya cuci mai girkin don ya hana ta sani. Daga nan aka fara abin da muke kira faɗin gaskiya: bayan liyafa kowa ya dubi abokinsa ido da ido ya gaya masa abu ɗaya da ba zai so ji ba. Baƙi daga tsibirai sun zo ganin wannan al'ada. Ni na haife ta da ludayina. Ba a rubuta haka a ko'ina ba.

Tsakaninmu kuwa abin ya zauna. Duk ranar da ya ɓata mini rai, miya ba gishiri. Sai ya ajiye cokali ya faɗi maganar, ma'ana: na san kina fushi, faɗi. Ni in ba shi amsata, "Ashe mai hikima yana da harshe", in zazzage masa duk abin da ke cikina, yana sauraro da kunnuwan nan nasa. In na gama sai in tashi in ɗauko masa gishirin. Kusan shekara talatin haka.

Yanzu ga shi a bakin kowane gaula a kasuwa.

Ashirin da uku ga wata, ranar kasuwar kifi

Dorkon ya zo da ƙaton kifi naɗe a ganye, wai kyauta ga "Uwarmu". Ya zauna, bencin ya yi ƙara.

"Uwa, ke kika fi kowa saninsa. Tsakaninmu. Bai taɓa ce miki ya gaji da sha'ir ba?"

Na ce ya gaji da abubuwa da yawa, sha'ir ba ya ciki.

Sai idonsa ya ciko. Ya ce shi fa ba don ciki ba ne. Wai ba zai iya jure tunanin cewa maganar ƙarshe ta Malam a kan babu ce ba. "Mutumin da ya ɗauko ni daga gidan caca a bakin tashar jirage, ya zaunar da ni, ya ce ban lalace ba. A ce abin da ya bar mini shi ne 'ba za ka ji komai ba'? Haba, Uwa."

Na karɓi kifin. Na raba wa maƙwabta. Na ci kan, tsaye, ina jin haushin daɗinsa.

Ashirin da shida ga wata, ranar sanyi

Yau Filinos. Bai kawo komai ba sai naɗin takarda mai kaurin cinyata. Ya rubuta littafi guda a kan maganar. Ya karanta mini gabatarwar a tsaye, yatsunsa sun yi shuɗi don sanyi, ya ƙi matsowa kusa da wuta, wai jiki ba shi ke mulki ba.

Abin haushin, rubutun yana da kyau. Akwai wurin da ya ce gishirin da ya narke bai ɓata ba, yana cikin kowane kurɓi, sai dai shi kansa bai sani ba. Na tsinci kaina na daina tsince wake ina saurare.

Na ce, "Filinos, in kuma miyar yake nufi fa?"

Ya dube ni wani irin kallo, ba na raini ba, ban gane shi ba. Ya ce, "Ba miyar ba ce, Uwa." Ya naɗe takardarsa.

Da na jefe shi da ƙwaryar. Wake ya yi tsada.

Ƙarshen wata, ranar tsohon wata da sabo

Bitto ta shigo da ulunta, muka yi kaɗi tare. Ƙawata ce tun muna yara a layin masu littattafai, ita kaɗai ke shigowa ba sallama. Ta ce na rame, ta ce fuskata ta zama kamar ta mai karɓar haraji. Ta ce, "Laifinki ne, 'yar nan. Mace ta binne miji ba ta yi kururuwa ba, ba ta yanke gashi ba? Kukan yana nan a ciki yana tsami."

Shi ya hana. Ya tara mu ya ce kada a yi masa kuka a jana'iza, kada a yagi fuska, kada a ɗauko mata masu makoki. Na bi. Na yi tafiya a bayan gawarsa da asuba kamar mai zuwa ɗiban ruwa, mutane suna cewa dubi matar mai falsafa.

Kwanakinsa na ƙarshe ɗakin bai taɓa zama ba kowa ba. Ya raba littattafansa. Ya lallashi Dorkon. Ya gaya wa yaran cewa ciwo mai tsanani ba ya daɗewa, mai daɗewa kuma ana iya zama da shi, kuma tunawa da hirarrakin da aka yi a gindin ɓaure ta fi ƙarfin abin da ke cin cikinsa. Kowa ya sami rabonsa. Ni ce ban samu ba, wai ni na riga na sani. Na sani! Na karanta abin da ya karanta, na gyara masa rabin abin da ya rubuta. Sanin bai hana ni son in fasa kowace tukunya a gidan nan ba. Yana ta shirin tafiya cikin natsuwa kamar mai zuwa ƙauye ganin gona, ni kuma zai bar ni da teburi da gemuna.

Da ya faɗi maganar, ni yake kallo. Na buɗe baki. Sai na ji ƙarar tsinken Filinos a kan allon kaki, yana rubutawa. Na rufe bakina. Ya yi barci, bai farka ba.

Ban gaya wa Bitto wannan ba. Na ce zarenta ya yi kauri.

Biyu ga watan Antesteriyon, ranar hadari

Ɗaliban sun ɗaura igiya. Igiya, a lambun Nikobulos, daga rijiya zuwa katanga. 'Yan Narkewa na Filinos a gefen albasa, 'yan Ƙarin Gishiri na Dorkon a gefen kabeji. Igiyar shanyata ce ma.

Huɗu ga wata

Mutanen Rumfa, waɗancan masu cewa ko gidanka na cin wuta kada girarka ta motsa, sun samu abin dariya. Ɗayansu ya tare ni wajen mai zaitun: "Uwargida, nawa ne mudun gishiri a makarantarku?" Na ce ya fi ƙarfin aljihunka, je ka ci gaba da lasar dutse kana cewa zuma ce.

Na dawo na banko ƙofa. A da in na dawo haka, Nikobulos yakan bar abin da yake yi ya ce, "Wa kika kashe yau?"

Shida ga wata, ranar rana

Filinos da Dorkon sun zo tare, amma kowanne ta gefensa na igiya. Wai ranar goma in tsaya in yanke hukunci, tunda ni na fi kusa da bakinsa. Wanda na ba gaskiya ya riƙe teburi, ɗayan ya kwashi mutanensa ya fita. Na ce kun san ma'anar haka? Matoya. Hayaƙi a inda ɓaure yake. Filinos ya ce gaskiya ta fi itace. Dorkon ya ce karo na farko ke nan da sandar nan ta faɗi daidai.

To. In na zaɓi ɗaya, lambu ya tafi. In na yi shiru, lambu ya tafi. In na faɗi abin da na sani, sai in kwance abin da ya rage mini ni kaɗai in shimfiɗa a teburi, Filinos ya rubuta, a kwafa, a sayar a layin babana. Wani saurayi can a tsibirin Rodos ya karanta yadda nake fushi da mijina.

Na ɗauko abin da Nikobulos ya rubuta a kan fushi, ko zan samu magani. Ya ce mai fushi ya jira har inuwa ta matsa taki ɗaya kafin ya yi magana. A gefe ga rubutuna na shekarun baya, ƙanana: "Wanda bai taɓa jiran ka dawo daga wanka ba ne ya rubuta wannan." A ƙasa, da hannunsa: "An karɓa."

Na rufe. Ba magani.

Tara ga wata, jajibiri

Na jiƙa wake. Na ɗauke tulun gishiri na kai ɗakin Bitto, kada hannuna ya yi abin da ya saba.

Sha ɗaya ga wata, ranar buɗe tulunan sabuwar giya

Gari ya cika da furanni da 'yan maye. Bari in rubuta na jiya.

Kowa ya zo, har waɗanda suka daina zuwa tun bara. Mikon ma ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa kamar ungulu mai ladabi. Filinos ya ce, "Uwa, muna saurare." Na ce a gidan nan ci ake fara yi. Na zuba wa kowa, na cika kwanuka har baki.

Suka kai cokali na farko. Na ga maƙogwaron Dorkon ya tsaya, sannan ya wuce da ƙyar. Ba wanda ya ce uffan. 'Yan Narkewa ba za su yi magana ba, don mai hikima yana gamsuwa. 'Yan Ƙarin Gishiri ba za su yi ba, kada a ce ga shi, ciki ne. Wani yaro ma cewa ya yi, "Ta yi daɗi, Uwa." Na ƙara masa ludayi biyu. Ba ka jin komai sai ƙarar cokula, manyan masu neman gaskiya na Atina suna haɗiyar ruwan wake kamar magani.

Da kwanuka suka kusa ƙarewa na ce, "Kafin hukunci, faɗin gaskiya. Yau ni za a fara gaya wa. Wa ke da abin da ba zan so ji ba?"

Dorkon yana kallon rufi yana gumi.

Filinos ne ya ajiye cokali. Wannan mutum ba zai iya ƙin bin ƙa'ida ba ko za a yanka shi. Ya miƙe, ya gyara mayafi, ya ce, "Uwa, ki yi haƙuri. Miyar yau, gishiri bai..."

Ya tsaya. Bakinsa a buɗe.

Dorkon ne ya fara. Wata ƙara ta fito masa ta hanci, sai ya kife a teburi, yana dukan katako, yana "Wayyo Malam! Wayyo sanda, ƙarasa mana, ƙarasa! Rai ne ya narke?" Dariya ta kama teburin daga wannan baki zuwa wancan, wasu suna yi suna share hawaye, har ba a san wanne ake yi ba. Dorkon ya zagayo ya rungumi Filinos ya ɗaga shi sama. Wani ya fita ya kwance igiyata. Da na duba ƙofa, Mikon ba ya nan.

Ban yanke wani hukunci ba. Ban yi ƙarya ba, ban kuma ba su komai nawa ba.

Kafin su watse har sun fara sabuwar gardama, a kan ko mutum zai iya yin daidai bisa kuskure. A teburi ɗaya dai.

Filinos ya tsaya bayan kowa ya tafi. Ya same ni a bakin rijiya ina wanke-wanke. Ya daɗe yana juya kwanonsa a hannu.

"Uwa, a kwanakin nan ni nake ɗanɗana duk abin da za a ba shi, kada ya yi zafi. Na ɗanɗana miyar ranar." Ya ɗago ya dube ni. "Gishiri ya ji. Ya ji sosai. Shi ya sa na ce ba miyar ba ce."

Na ci gaba da cuɗa tukunya.

"Ba da mu yake ba ke nan," in ji shi.

Na ce, "Wanke kwanonka ka tafi."

Ya wanke. Ya bar naɗinsa a bakin murhu, wai in hura wuta da shi. Bai tambaye ni komai ba.

Sha biyu ga wata, ranar butoci

Kowa yana shafa kwalta a ƙofa yana tauna ganye mai ɗaci, don matattu suna yawo a gari. Mu a gidan nan ba mu taɓa shafawa ba, tunda matattu ba sa yawo. Bana ma ban shafa ba. Dalilin dai ɗaya ne, ina ji.

Ban ƙona littafin Filinos ba. Wurin nan na kurɓi yana da kyau, ko da ba shi ake nufi ba.

Sha uku ga wata, ranar tukwane

Bitto ta dame ni sai na dafa tukunyar matattu kamar kowa. Na dafa don ta bar ni. Alkama, sha'ir, wake, duk a haɗe. Nikobulos ya sha faɗa cewa matacce ba ya ci, kuma na yarda, hujjarsa ba ta da ɓaraka, ni na toshe mata ta ƙarshe.

Na kai gindin ɓaure na ajiye a kan kifaffen kwandon. Ba kowa a lambun. Na tsaya kamar wawiya. Sai na ji bakina ya ce, "Ashe mai hikima yana da harshe."

Sauran ba na takarda ba ne. Na daɗe. Na faɗi na jana'iza, na faɗi na ɗakin da ya cika, na faɗi na albasata da ya taɓa tugewa yana zaton ciyawa ce. Hani a kan kuka na ranar jana'iza ne kawai, na tuna kalmominsa sarai, bai ambaci yau ba.

Da faɗuwar rana unguwa ta ɗauki ihu, ku fita, matattu, biki ya ƙare. Ni ma na faɗa tunda al'ada ce. Ban ɗaga murya ba.

Ɓauren ya fara toho. Dorkon ya aiko wai ranar goma mai zuwa ni za su so in yi darasi, a kan fushi. Na ce su jira inuwa ta matsa.

Kafin in shigo na leƙa ɗakin Bitto na karɓo tulun gishirin. Na ajiye wa Nikobulos kaɗan a gefen tukunyar.